Shekarar da Gidan Malam Ya Shiga Taswira

Da sunan Allah nake farawa, shi ne shaidata a kan abin da zan faɗa. Kun taso kuna jin magana iri biyu game da abin da ya fitar da ni daga gidan kakanku na Tudun Wada. A can gidan ana cewa waya ce ta ɗauke mini hankali. A nan kuwa, idan kun haɗa kai kuna zaton ba na ji, kukan ce Baffanku Alhaji ne ya kore mu. Duka biyun ba haka ba ne. Babu wanda ya kore ni, kuma hankalina yana jikina ranar da na fita. Zan jero muku abin yadda ya faru, na gaba a gaba, na baya a baya, don kada bayan raina wani ya ƙara masa gishiri.

Da mahaifinku ya rasu, na gama takaba, Baffanku ya aika a kira ni zaure. Shi ne yayan mahaifinku, shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanku. Ya ce sashena nawa ne har iyakar raina, marayun ƙaninsa kuma 'ya'yansa ne. Ku rubuta wannan a zuciyarku: bai saɓa ba. Duk abin da ya shigo da shi, sai an ɗibar mana. Amma ni mai ido ce. Ya riga ya ajiye aiki, fansho yake jira, fanshon kuma sai ya ga dama yake zuwa. Matarsa Hajiya Kulu, wadda muka zauna da ita kamar ciki ɗaya, ba ta taɓa nuna mini komai a fuska ba, sai dai ina ganin yadda take share bakin mudu da hannu kafin ta juye, alhali da can a tule take aunawa. Ku huɗu ne, dukanku kuna makaranta. Na san idan na naɗe hannu, akwai ranar da za a ce wani ya haƙura da karatu, kuma na san ba a 'ya'yan Alhaji za a fara ba, ba don mugunta ba, haka duniya take.

Sana'ata kun san ta, kayan gara: alkaki, dubulan, nakiya da cincin. A wurin mahaifiyata na koya. A da, mace ce za ta aiko ko ta shigo da kanta ta ce bikin 'yarta ya matso, in yi mata kwalla kaza. Iyakar cinikina unguwarmu da 'yan uwan unguwarmu. Bayan Sallah aiki ya yi yawa har in rasa inda zan sa kaina, da damina ta sauka kuma kasko ya yi ta hutawa a jingine. Abin yana sayen sabulu da man shafawa, bai kai ya riƙe ɗalibi ba.

Yayarku Hauwa ce ta kawo canji. Ba na kiran sunanta da baki don 'yar fari ce, amma takarda ba baki ba ce. Lokacin tana karatu a jami'a, a harabar Kongo da ke nan garin, tana zuwa tana dawowa. Ta ga wata a ajinsu tana sayar da turaren wuta ta waya, ta dawo ta zaunar da ni, ta ɗora mini manhajoji a wayar da mahaifinku ya bari. Na ce ba zan karɓe su a tare ba, sai ɗaya bayan ɗaya, in na iya wannan a kawo wancan. Ta farko ita ce ta hira, wadda ake tura hoto da murya. Ita ta fi yi mini amfani, don karatuna a firamare ya tsaya, rubutu yana cin lokacina, amma magana ba a koya mini. Muka jera alkaki a faranti mai kyau, muka ɗauke shi hoto da hantsi a inda rana take faɗowa, aka sa a shafin kaya, kowane da bayaninsa. Ta biyu kalanda ce mai tunatarwa. Da zarar an yi oda sai a sa ranar, ita kuma ta yi ƙara tun da sauran lokaci, in san yaushe zan kai alkama ɓarji, yaushe zan jiƙa shinkafar nakiya. Tun da na fara da ita ban sake haɗa bukukuwa biyu a kasko ɗaya ba. Ta uku ta banki ce, a turo kafin alƙalami, in ji ƙarar alat na shigar kuɗi, sannan in hura wuta. Wannan ta raba ni da kunyar tambayar kuɗi. Waɗannan ukun babu wadda ta jawo mini magana. Ta huɗu ce, taswira.

Da odar ta fara zuwa daga unguwannin Hanwa da Kwangila, har daga Samaru, sai kwatance ya zama aiki. Ina tsakiyar suya, hannuna duk ƙullu, waya na ta kuka, mai mashin da aka turo ɗaukar kaya ya ɓata a lungu. Hauwa ta ce akwai magani, a sa mu a taswira, duk mai zuwa ya bi ɗigo har ƙofa. Na ce ta sa. A nan ta yi abu biyu, kuma ko ni ce da wayar a hannu haka zan yi. Na ɗaya, da aka tambayi sunan wurin, ta rubuta sunan da kowa ya sani. A Tudun Wada ba a kwatance da lamba, da sunan mai gida ake yi, ko ya shekara nawa a ƙasa. Kakanku malami ne, a zaurensa yake tafsiri duk azumi, har sunansa na yanka ya ɓace, aka koma ce wa gidan Gidan Malam Mai Tafsiri. Haka ta rubuta, ta ƙara da Alkaki da Dubulan. Na biyu, lokacin da ta danna ɗigon tana zaune ne kusa da ni a madafi, madafina kuwa shi ne can ƙuryar gida.

Ba a daɗe ba, wata Talata da azahar, maza sun tafi masallaci, Hajiya Kulu ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta tuɓe ɗankwali tana tsefe kai. Ni ina tsoma alkaki a ruwan sukari. Sai muka ji takun takalmi. Wani saurayi mai mashin, hular kwano a kai, idonsa a kan waya, ya ratsa zaure na farko, ya ratsa na biyu, ya wuce BA SHIGA da aka rubuta a bango ko kallonsa bai yi ba, ya faɗo tsakar gida yana tafiya a hankali kamar mai bin sawun ɓarawo. Hajiya ta yi ihu, ta rarumi abin da ke kusa ta kifa a kai. Faifai ne.

"Innalillahi! Kai, lafiya? Gidan ubanka ne?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi na yi sallama babu wanda ya amsa. Wayar ce ta ce in miƙe, da saura."

"To ga rijiya can, in ta ce ka miƙe sai ka miƙe! Fita, ɗan nema!"

Ya juya da gudu, ya yi karo da Alhaji a zaure yana dawowa daga salla, carbi a hannu. Abin da Alhaji ya gaya masa ba zan rubuta ba. Da la'asar Hajiya ta shigo ɗakina tana dariya har da hawaye.

"Rabi, ni ba shigowarsa ce ta dame ni ba. Da ya bari na gama kitso mana. Yanzu zai je ya ba da labari a Kwangila cewa matan gidan Malam da faifai suke lulluɓi."

Ni ban yi dariya ba. Na san an keta wa gida haddi, kuma ta dalilina. A ranar na je na durƙusa na ba Alhaji haƙuri, na ce zan gyara. Na gyara kuwa, bi da bi. Da farko na roƙi Malam Tanimu mai shagon bakin titi ya yarda a riƙa ajiye kaya a wurinsa, ya yarda. Sannan na sa Hauwa ta je shagon da ƙafarta ta mayar da ɗigon can. Sannan ta goge sunan kakanku. Amma kafin gyaran ya zauna, mutane sun ci gaba da zuwa ƙofar gida na 'yan kwanaki, Alhaji kuwa ya ɗauko kujera ya kafa a bakin zaure, duk wanda ya tsaya da waya a hannu sai ya kore shi tun bai buɗe baki ba.

Abin da ban sani ba, a taswirar nan akwai wurin da wanda ya zo yake ba da taurari, ya kuma rubuta ra'ayinsa, kowa ya gani. Wani daga cikin waɗanda aka kora ya rubuta nasa tun sunan bai canza ba. Wani kuma ya ɗauki hoton shafin, hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya isa majalisar da Alhaji yake zama bayan la'asar a gindin dalbejiyar masallaci. Ban je wurin ba, Hajiya Kulu ce ta kawo mini yadda aka yi, ita ma daga bakin mijinta. Alhaji Mudi, taubashin Baffanku, wanda ba ya ganinsa bai tsokane shi ba, shi ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi.

"Jama'a, ku saurara. Gidan Malam Mai Tafsiri, Alkaki da Dubulan. Taurari uku cikin biyar. Wai alkakin ba laifi, amma tsohon da ke gadi a ƙofa mafaɗaci ne, a canza shi. Alhaji, ashe aiki ka samu ba ka gaya mana ba? Nawa ake biyanka, ko da dubulan ake sallamarka?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Shi Alhaji Mudi wasa yake yi, wasan da suka gada. Baffanku ya ɗauki takalmansa ya taho gida. Washegari da safe ya aika a kira ni. Na same shi zaune a kan buzun kakanku, inda ba ya zama sai magana ta kai magana.

"Rabi, a nan mahaifina ya zauna yana fassara littafin Allah har idonsa ya tafi. Yau an wayi gari ana auna gidansa da taurari kamar otal. Uku ma aka ba shi."

"Yaya, an goge sunan. An ɗauke ɗigon."

"An goge a wayarki. A wayar Mudi fa? A bakin mutane fa? Gaya mini, me kika rasa a gidan nan? Kin taɓa kwana da yunwa, ke ko yaran?"

"Ban taɓa ba. Allah ya saka da alheri."

"To ki yi suyarki yadda kika saba, maƙwabta su aiko, ban hana ba. Amma ciniki da baƙi ta waya, muddin kina ƙarƙashin rufin nan, an gama shi. Abin da ya rage na yara, ni ne ubansu."

Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce in ɗauka.

Ba a rana ɗaya na yanke ba. Na yi istihara, na kuma zauna na auna maganar gaba da baya. Abu na farko, yana da gaskiya: gidan ubansa ne, kuma an taɓa masa inda yake ciwo. Na biyu, alkawarin da ya ɗauka da zuciya ɗaya ya ɗauka, amma zuciya ba ita ke biyan makaranta ba, na kuma riga na ga bakin mudu. Na uku, ba zan ce masa to a zaure in koma ɗaki ina karɓar oda a ɓoye ba. Hajiya Kulu ta ba ni wannan shawarar, don ƙauna.

"Ke dai ki kashe wa wayar murya ki tura ta ƙarƙashin filo. Alhaji da ko lambarsa bai haddace ba, ina zai sani?"

"Ni zan sani, Hajiya. Yaran kuma za su ga uwarsu tana yi."

"To sai ki bar ni da wa? Wa zai riƙa yi mini faɗa in na zuba gishiri da yawa?"

Da ta faɗi haka sai ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. A nan na fara sanin abin da fitar za ta ci.

Na sami ɗaki biyu na haya da ɗan tsakar gida, a nan Tudun Wada, ƙofarsa tana kallon titi, wato gidan nan da kuka ƙarasa girma a ciki. Sai da na gama magana da mai gidan sannan na koma zaure, don ban so in je da maganar da za a iya lanƙwasa ta.

"Yaya, na zo in gaya maka da bakina kafin ka ji a waje. Zan tashi. Ba fushi na yi ba, ba kuma raina abin da kake yi mana na yi ba."

"Kin san abin da za a ce? Za a ce na kasa riƙe marayun ƙanina."

"Duk wanda ya faɗa, ka turo mini shi, ni zan ba shi amsa."

"Ke za ki ba shi amsa." Ya maimaita, yana kallon ƙasa. "Kin zaɓi waya a kan gidan mijinki."

"Na zaɓi karatun 'ya'yansa, Yaya."

Na tashi na fito. Ranar tashi, da sassafe, sai ga a-kori-kura a ƙofar gida. Na ce ban kira mota ba. Direban ya ce Alhaji ne ya aiko shi, kuma an sallame shi. Aka loda gado da kasake da kwallaye. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na yi sallama har sau uku. Ina jin motsinsa a ciki. Bai fito ba.

A sabon gida, kafin a ɗaura labule, na ce wa Hauwa ta fita waje ta tsaya a bakin ƙofa, a kan titi, sannan ta danna ɗigon. Ta tambaye ni sunan da za ta sa. Na ce ta sa nawa, Rabi Mai Gara, in an ba da tauraro ɗaya ni aka ba, in an zaga ni aka zaga. Na kafa dokoki, har yau kuma su nake bi. Ba a ɗaukar hoton kowa sai na kaya. Ba na amsa oda sai na duba kalanda. Mai mashin a waje yake tsayawa. Wanda ya rubuta ƙorafi, in gaskiya ya faɗa in gyara, in ƙarya ce in bar shi da Allah, ba na sa-in-sa a waya. Aiki ya zo, wata rana da yawa, wata rana shiru, amma babu ɗayanku da aka taɓa korowa daga makaranta. Ban yi arziki ba, kada wani ya gaya muku na yi.

Yanzu saura abin da ya fi yi muku ciwo, auren yayarku. Kafin in faɗa, ku ji hukuncina: ban yarda ɗayanku ya riƙe Baffanku a zuciya ba. Ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Ku je ku gaishe shi duk Juma'a, ku durƙusa, ko ya amsa da ka ne kawai.

Da aka sa ranar Hauwa, shi ne waliyyi, babu wanda ya kai shi. Na yi lulluɓi na tafi gidan, karo na farko da na zauna a zauren tun fitata. Ya karɓi gaisuwata, ya tambayi kowannenku da sunansa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce yarinya 'yarsa ce, zai ba da aurenta, amma daga gidan ubanta za a ɗauke ta, ba daga gidan haya ba. Mu tattara mu dawo, sashena yana nan a kulle bai ba kowa ba. Sharaɗin kuma yana nan yadda yake. Na ce amarya za ta iya zuwa ta yi kwanakin biki a gidan, a ɗauke ta daga nan, wannan hakkinsa ne. Amma ni ba zan dawo in kashe sana'ar da ƙannenta uku suke karatu da ita ba. Ya ce zai yi tunani.

Ana saura kwanaki kaɗan, muna tsakar gida muna suyar garar ita Hauwar, ta kaina wannan karon, sai ga Hajiya Kulu. Ta ajiye mayafi, ta ja kujera kusa da murhu, ta ɗauki ƙullun dubulan ta fara murzawa ba ta kalli kowa ba. Da na ga haka na san amsar.

"Ya ce ƙaninsa da ke zaune a Kaduna zai zo ya karɓi sadaki. Ya ce a gaya wa yarinya ya sa mata albarka. Shi dai ba zai zo ba."

Hauwa tana zaune a bakin ƙofa, lalle a ƙafa. Ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka.

"Inna, ni na jawo. Ni na rubuta sunan. Da ban sa mu a taswirar nan ba, da yanzu Baffa ne zai ba da aurena."

Hayaƙi yana shiga mini ido. Na juya na dube ta.

"Ke kika rubuta, ni na zaɓa. Da za a mayar da ni zauren nan yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Tashi ki wanke fuskarki, amarya ba ta kumbura ido. Hajiya, miƙo mini matsami, wannan kaskon ya yi."